Yadda Ake Zama Kunnen Kafinta Idan Zarton Kwana Ya Fara Kuka

Matso nan, 'yar nan, gyara zama. Ke da mijinki kafinta ne, kunnensa ya fara yi masa rowa, shi kuwa gara a cire masa haƙori da ya amsa hakan, ke nake nema. Matakai takwas ne a hannuna. Na gwada su da kaina wata bakwai cur a shagon Maigidana, kuma ina ba ki tabbaci: in kika bi su daki-daki, duk kukan da inji zai yi sai an gano ciwonsa a gaban jama'a, a yaba wa mijinki, ke ko mai kallonki babu. Sakamako kam tabbas ne. Wane iri ne, wannan sai mun je can.

Injin da nake nufi shi ne zarton kwana. Ba kwanan barci ba, kwanar katako. Shi ne mai zagayayyen faifai da haƙora, ana kama hannunsa a sauke shi kan katako, a karkata shi hagu ko dama, ya yanke kwanar taga ko ta firam ɗin hoto ta haɗu tsaf. Duk kafintan layinmu da nasa ya canza murya, wurin Maigidana yake kinkimo shi. Shekara arba'in da ɗaya mutumin nan ba ya kwance inji sai ya saurare shi tukuna. Ya karkata kai, ya lumshe ido, ya faɗi ciwon, a buɗe a tarar da shi. Shi ya sa ake ce masa Mai Kunne. To ki auna da kanki: mai wannan suna ya wayi gari ba ya jin kiran matarsa daga taku uku.

Mataki na 1: Ki tabbatar da ciwon, amma kada ki kira sunansa

Kada ki yi gaggawa. Maza da yawa suna ji sarai, amsawar ce ba su da niyya. Ki tsaya a bayansa ki faɗi abin da ba zai iya haɗiyewa ba. Ni cewa na yi, "Tsoho, na ba da sifanarka mai lamba goma sha uku kyauta." Ya ci gaba da goge tabarau yana 'yar waƙarsa. Mutumin da ko kallon sifanar nan ka yi sai ya tambaye ka dalili! Nan na san lamari ya yi nisa.

Ba ni kaɗai na lura ba. Babba, ɗanmu na fari, ma'aikacin ofis mai hannu kamar burodin safe, ya ja ni gefe.

"Mama, Baba ba ya jin inji. Ranar da faifai zai kwance ba zai ji ba, sai dai ya gani a yatsunsa. Zan karɓi makullin shagon."

Gaskiya ya faɗa, shi ya sa ta ba ni haushi. Makullin nan a wuyan Maigida yake rataye da igiya tun Babba bai zo duniya ba. In aka cire shi, na san abin da zai rage mini: tsoho a zaune a tsakar gida yana gyara mini yadda ake wanke tukunya.

Saboda haka kalmar nan mai farawa da "kur" kada ta kuskura ta fito daga bakinki. Ki ce iska ce take kwashe magana. Ki ce mutanen yanzu ba sa buɗe baki.

Mataki na 2: Ki nemi kujera da dalilin zama

Ki ajiye kujerarki a bakin ƙofar shago, daidai inda idonsa ke sauka in ya karkata kai. Namu hagu yake karkatawa. Ki duba naki, kada ki yi wata guda kina yi wa bango alama.

Sai dalili. Mace ba ta zama cikin garin katako haka kawai ba a tambaye ta ba. Ki ɗauko rigarsa ɗaya, allura, zare da maɓalli ɗaya. Da safe ki ɗinka, da rana ki farke. Mai Kitso, maƙwabciyarmu wadda tagarta ke kallon shagon, ta yi haƙuri wata biyu kafin ta leƙo.

"Inna, wannan maɓallin har yanzu bai zauna ba?"

"Zaren zamani ne, 'yata. Ba shi da amana."

Ta ce wallahi ita ma ta lura. Ki riƙe wannan: duk abin da kika ɗora wa zamani, sai kin sami mai ba ki shaida.

Mataki na 3: Ki haddace kuka huɗu

Kada ki ce ba ki yi makarantar inji ba. Ni ma katanga ce ta koya mini. Kicin ɗina da shagon bango ɗaya ne, ina yanka albasa ina jin zarto, ina jin abin da Maigida ya ce yana damunsa. Shekara arba'in da ɗaya, ko tukunyata ta kusa iya gyara.

In kika ji ƙiiiiiirrr, kamar an taka wutsiyar kyanwa kuma an ƙi ɗagawa, boris ne. Wani ɗan zobe ne mai ƙwallaye a ciki, a kansa faifai yake juyawa, giris ya bushe masa.

In kika ji kaf-kaf-kaf, kamar mai dogon takalmi tana sauri a barandar asibiti, notin da ke riƙe faifai ne ya saki. Wannan kam ban sa wasa a cikinsa ba. A kashe, a zare fulogi daga bango, sannan a kai hannu. Yatsu goma aka ba mijinki, ba a sayar da na canji.

Tsat-tsat-tsat da tartsatsin wuta da ƙauri kamar gashi ya faɗa murhu, burushi ne, wasu 'yan gawayi biyu a cikin injin sun cinye. Guuuu kuwa, irin nishin da nake yi in zan tashi daga ƙasa, ga katako yana baƙi yana hayaƙi, haƙoran faifai ne suka dakushe.

Ki riƙa maimaitawa da bakinki don su zauna. Amma ki zaɓi wuri. Surukata, matar Babba, ta taɓa jina a banɗaki ina "ƙiiiiirrr, kaf-kaf-kaf, guuuu," ta dinga dukan ƙofa tana salati, tana cewa a kawo mota. Da na fito na ce mata waƙa nake. Har yau in na shiga wanka tana zama kusa.

Mataki na 4: Ki ƙirƙiro alamu, amma kada ku yi shawara

Nan ne mata da yawa suke ɓata aiki. Kada ki zaunar da shi ki ce, "Ga yadda za mu yi." In kika faɗa, kin kira sunan ciwon ke nan, kin koma mataki na ɗaya da kunya.

Mu ga yadda tamu ta faro. Mai Gilashi, wani aminin Maigida mai haɗa firam ɗin madubi, ya kawo zartonsa. Aka kunna. Maigida ya karkata kai, ya lumshe ido. Shiru. Shiru. Har Mai Gilashi ya fara duba agogo. Can sai ido ɗaya ya buɗe kaɗan, ya sauka a kaina. Ni kuwa kaf-kaf-kaf nake ji ƙarara. Na ɗaga hannu na fara murza zobena, ina juya shi, ina juya shi.

Idon ya rufe.

"Noti," in ji shi.

Aka duba, noti ya saki. Mai Gilashi ya buga cinya. "Kai, Mai Kunne! Allah ya bar mana kai!"

A ranar, da muka zauna cin abinci, ya turo mini tsokar da ta fi girma gefena, bai ce komai ba, ban ce komai ba. Yarjejeniyarmu ke nan. Daga nan sauran suka biyo: in na murza ƙwallon ɗan kunnena, boris. In na kaɗe zanina, burushi. In na yi sakace, haƙora. Sai aiki ya dawo kamar da, har ana cewa kunnen tsoho ƙara kaifi yake. Ni ina gefe ina farke maɓalli, kaina kamar ya taɓa rufi.

Mataki na 5: Ki zama gunki

Daga yau jikinki ba naki ba ne. Ba ƙaiƙayi, ba gyara ɗan kunne, ba korar ƙuda. Fiye da komai, kada ki ci nama kafin ki hau kujera.

Wata rana wani zaren nama ya maƙale mini a haƙori, ya hana ni sakat. Na manta inda nake na kai farce. Ina ɗagowa na ji Maigida yana cewa, "Haƙora. A canza faifai."

Mai Gilashi ya zaro ido. "Sabo ne fa! Jiya na ɗaura shi!"

"Wani sabon da tsufansa yake zuwa," in ji Maigida, ko gezau.

Mutumin ya tafi yana jinjina kai, yana cewa ilimi kogi ne. Akwai kuma makon da wani ƙuda ya ƙallafa rai a kan zanina. Injin mutum ɗaya sai da aka canza masa burushi sau uku. Kada wannan ya dame ki. Ba a taɓa jin injin da sabon burushi ya kashe ba.

Mataki na 6: Ki yi hattara da 'ya'ya masu kirki

Marasa kirki ba su da matsala, ba sa zuwa. Masu kirkin ne abin tsoro. Auta, 'yarmu ma'aikaciyar jinya, ta zo wata Alhamis da ɗan akwati. A ciki akwai na'urar ji, ɗan abu kamar ƙwayar gyaɗa da ake cusawa a kunne. Ta sa mata batir, ta nuna masa inda ake kunnawa, ta yi bayani da ƙarfi har kajin maƙwabta suka fahimta.

Ya juya ta a tafin hannu. "Madalla, Auta, Allah ya yi albarka. Sai dai ban san wa za mu ba wa ba."

Washegari ta ɓata. Na ɗaga katifa, na zazzage aljifai, na leƙa tukwane. Shi ma ya taya ni nema da fuskar tausayi, har da ɗaga mini tabarma.

Babba ya ji labari ya ce shi ke nan. "Asabar zan zo shago in kunna injin Baba da kaina. In ya faɗi lafiyarsa daidai, na bar maganar. In ya kasa, makulli."

Ko ɗar ban ji ba. Na goge zanina, na ƙaurace wa nama, na wanke zobe da sabulu don ya yi santsin murzawa.

Mataki na 7: Idan kuka na biyar ya zo, Allah ya ba ki sa'a

Asabar da hantsi shago ya cika. Ga Babba da Auta, ga Mai Gilashi ya zo shaida, ga Mai Kitso a tagarta da mataji a hannu. Babba ya jawo injin tsakiyar benci, jakar da ke tara garin katako a bayansa ta bugi gefen tebur. Ya sa fulogi ya danna.

Zarto ya ɗauka. A saman ƙararsa sai ga wata siririyar murya: fiiiiiiiiit. Kamar butar shayi ta tafasa, kamar usur a bakin yaro mai dogon numfashi. Tunda nake ban taɓa jin wannan ba.

Ido ɗaya ya buɗe ya sauka a kaina.

'Yar nan, ban san lokacin da hannuwana suka fara aiki su kaɗai ba. Na murza zobe. Na ga ba shi ba ne, na kama ɗan kunne. Na saki na hau kaɗe zani da hannu biyu. Na kai allura baki don sakace na soki dasashi.

"Noti," in ji Maigida. "Da boris. Burushi ma ya tafi. Haƙora kuwa, sai dai haƙuri."

"Mama, lafiya?" in ji Auta. "Ƙuma ne a kujerar?"

Babba bai yi dariya ba. Ya dube ni, ya dubi mahaifinsa, ya sake dubana. Ya zare fulogi daga bango. Faifai ya yi ta juyawa har ya tsaya cak.

Fiiiiiiiiit.

Inji ba wuta, yana kuka! Mai Gilashi ya fara ja da baya yana laluben ƙofa. "Ni fa na bar madubi a rana." Na waiga tagar Mai Kitso, mataji kawai ya rage.

Maigida kuwa ya shafa kan injin kamar mai lallashin jaki. "Kun gani? Ya yi shiru. Hutu yake so."

Ya bi fuskokinmu ɗaya bayan ɗaya, murmushinsa yana raguwa. Babba ya nuna injin, ya nuna kunnensa, sannan ya miƙa tafin hannu a hankali, kansa a ƙasa. Na ga hannun Maigida ya tafi wuyansa ya kama igiyar makulli.

Ni kuma kunnena yana bin kukan nan kamar kare. Ba daga faifai yake fitowa ba, ba daga cikin inji ba. Daga jakar garin katako ne. To ba mu da alamar jaka! Na suri jakar ɗinkina na ɗaga sama na girgiza. Maigida ya gani, ya mai da ido rufi. Na ƙara girgizawa, zaruruwa suka zubo suna gangarawa ƙarƙashin benci. Ya hau duba farcensa.

Nan na gane. Ya fahimci alamar sarai. Abin da ke cikin jakar ne ya sani.

Duk dokar da na koya miki, a nan na taka ta. Na miƙe na cika ƙirji.

"JAKA, TSOHO! JAKA!"

Tantabarun kan rufi suka watse.

Mataki na 8: Ki bar shi ya buɗe da hannunsa

Babba ya yunƙura zai kai hannu, na damƙe gefen rigarsa. Ki kula da wannan sosai. In ɗa ya buɗe, an kama uba. In uba ya buɗe, gyara yake yi.

Maigida ya saki igiyar makulli. Ya zuge jakar, ya cusa hannu cikin garin katako har gwiwar hannu, ya fito da ƙwayar gyaɗar Auta tana ta fito abinta. Bugun da jakar ta yi ne ya kunna ta.

Auta ta riƙe ƙugu. "Baba!"

"Ajiya na yi," in ji shi. "Kin taɓa jin ɓarawo ya shiga nan?"

Ya hure ta, ya goge da gefen riga, ya tsaya yana kallonta kamar maganin ɗaci. Sannan ya cusa a kunne. Fito ya ɗauke. Idanunsa suka buɗe wangale.

"Wa ke numfashi haka kamar an ɗora masa buhu?"

Mai Gilashi ne, daga bakin ƙofa.

"Kunna," Maigida ya ce wa Babba.

Aka kunna. Ya karkata kai hagu, ya lumshe ido. Na cusa hannuwana ƙarƙashin cinya don kada su ba ni kunya. Ni dai lafiyayyen zarto nake ji. Na jira ido ɗaya ya buɗe. Bai buɗe ba.

"Kashe. Zare fulogi. Kowa ya matsa." Muryarsa ta da ce ta dawo. "Akwai wani tik, tik, ƙasa-ƙasa. Faifan nan ya tsage."

Ya ɗauko sifanarsa mai lamba goma sha uku ya kwance shi, ya ɗaga shi a hasken ƙofa. Ga tsagar nan siririya kamar gashi, ta taso daga gindin haƙori ta nufi tsakiya. Da ya ƙara kwana biyu yana cin katako, Allah kaɗai ya san inda gutsurensa zai sauka. Babba ya nemi benci ya zauna.

"Tun yaushe yake haka, Baba?"

"Tambayi mahaifiyarka. Wata bakwai ita ce kunnen shagon nan."

Na so ƙasa ta buɗe. Auta ta toshe baki tana kallon rigar da ke cinyata. Sai ya ƙara da cewa, ba tare da ya dube ni ba, "Ba laifinta ba ne. Irin wannan kukan ba ya ratsa katanga."

Babba ya share fuska. "Makulli ya zauna a wuyanka, Baba, muddin wannan abin yana kunnenka."

"A shago kawai," in ji Maigida.

"Baba..."

"Na ce a shago."

A haka aka tsaya. Ni kuma na rasa aikina. Na ɗinke maɓallin ɗinki na gaskiya, sai dai wurin ya riga ya zama rami, dole na mai da rigar tsumman goge inji. Litinin na zauna a kicin ina jin zarto ta bango, albasa tana sa ni hawaye fiye da yadda ta saba. Ban kai ga ɗora tukunya ba sai ga Maigida a ƙofa, da wata rigar a hannu, ya tsinke mata maɓalli da kansa, zaren ma yana lilo.

"Kujerar can tana wani kuka," in ji shi. "Zo ki zauna a kai mu ji ko za ta daina."

Wanke hannu

Duk wadda ta bi matakan nan aka jefar da sabon faifai, ko ta soki dasashi, ko surukarta ta kira mata mota, ko maƙwabta suka daina bi ta ƙofar shagonsu, babu ruwana, babu ruwan kujerata. Ban ce ki bar mai ciwon kunne kusa da zarto ba, na dai faɗi yadda na yi, kin kuma ga inda na kusa kai mu. Mai ƙorafi ta kawo wa Maigida. Ta zo da yamma bayan ya rufe shago, lokacin da yake tsayawa a ƙofar gida ya cire ƙwayar gyaɗarsa ya sa a akwati. Zai ba ki wurin zama, ya dube ki da murmushi, ki yi ta magana har ki gaji yana gyaɗa kai. Ni ma haka yake yi mini kullum.